Litinin a Kakuri

Shekara goma sha tara ina rina atamfa a masaƙa,
har ranar da suka ɗana kwaɗo a ƙofa
suka ce mu dawo Litinin.
Litinin ɗin ba ta iso ba tukuna,
amma hannun da ya saba da launi ba ya iya zama haka nan.

Uwata Kuyet burkutu take dafawa a Zonkwa,
ja-ja, mai tsami, kafin rana ta faɗi an shanye.
Ni baƙa nake so,
baƙa wuluk kamar ruwan baba a tsohuwar karofi,
wadda in ka ɗaga ta ga fitila, hasken zai ɓata hanya.

Na jiƙa dawa, na lulluɓe ta da buhu a bayan ɗaki,
kwana huɗu ta fito da farin gemu.
Na shanya. Na soya kashi ɗaya a kaskon gyaɗar Zigwai
har ta kai bakin ƙonewa,
Zigwai na ihu daga tsakar gida: kaskona, kaskona!

Sai koko. Ba na safe da ƙosai ba,
na kurmi, wanda Yashim direban tirela ya ƙullo mini a leda,
'ya'ya masu ɗaci, sai an gasa an ɓare
kafin su tuna su ne iyayen cakulan.
Na daka a turmi, ƙamshi ya haura katanga,
yara suka leƙo suna neman inda ake biki.

Ɗinya kuwa Malam Sidi ya kawo.
Layinmu ɗaya a masaƙa, yanzu gawayi yake sayarwa a tsallaken titi.
Ya san inda za ta, bai tambaya ba.
Akwai alkawari tsakaninmu da baki bai faɗa ba:
in ruwan ya tafasa ya huce,
yana nan da zaƙinsa, yisti bai taɓa shi ba,
ƙoƙon farko nasa ne.
Ya sha a tsaye, ya share baki,
ya ce, "Wannan ai maɗi ne ya yi boko."
Ya wuce masallaci, na zuba yisti.

Jarka a cikin randa, jiƙaƙƙen buhu a kanta saboda zafi,
tiyo daga marfi zuwa kwalbar ruwa,
ɓul, shiru, ɓul.
Na kwana ina ƙirga numfashinta kamar mai jinyar jariri.

Mako biyu na ɗura kwalba ashirin da ɗaya,
da ɗan sukari a kowace, sai dai hannuna ya yi nauyi.
Ƙarfe biyun daren Alhamis: tau!
Sannan tau!
Unguwar da ta taɓa jin wannan ƙara ba ta tsayawa tambaya.
Fitilu suka mutu gida gida.
Zigwai ta riga ta goya jika, tana laluben takalmi a duhu.
Sai bugun ƙofa, a hankali, sau uku.
Malam Sidi ne, ya tsallako titi da tocila, kai babu hula.
"Kuna lafiya?"
Na haska masa ɗakin ajiya,
bango ya rine, kumfa na gangarowa, fasasshiyar kwalba har bakin ƙofa.
Ya daɗe yana kallo.
Dariyar da muka yi, rabinta ba dariya ba ce.

Sha tara suka tsira, kowace shekara da kwalbarta.
Na buɗe ta farko ran Lahadi bayan an taso coci.
Kumfarta launin yashin bakin kogi.
Ɗaci ya fara sallama, koko ya biyo baya,
ɗinya sai can ƙarshe, a maƙogwaro,
kamar baƙon da ya makara ya zauna kusa da ƙofa.
Da uwata na nan, da ta ce na ɓata dawa.
Da kuma ta miƙo ƙoƙo a ƙara mata.

Dusar na kai wa awakin Malam Sidi,
ya ce saura kwano ɗaya na ɗinya a gida.
Gobe Litinin.
Zan jiƙa dawa.